Layi Biyu da na Tsallake

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga jikata Bilkisu, amaryar tsoho, wadda yau ake kira Malama.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, tare da fatan kin sauka lafiya, kin samu masauki mai kyau da maƙwabta na kirki. Allah Ya tsare ki a hanya da wurin kwana, Ya kare ki daga sharrin mai sharri, Ya sa albarka a aikin da ya kai ki ƙasar Musawa. Kakarki tana gaishe ki. Ta ce ki riƙa tafasa ruwan sha, na ce mata wa za ta koya wa wannan, ma'aikaciyar lafiya? Ta ce ko likita ce ke, ita ta yi miki wankan jego, don haka in rubuta. To na rubuta.

Labarin gida ba zan ba ki ba. Babanki zai faɗa miki a waya yadda masara ta yi da abin da akuya ta haifa. Ni ma da na so sai in kira ki, amma na san halinki, ba za ki bar ni in kai ƙarshen magana ba sai kin sa dariya kin ce tsoho ya fara wa'azi. Takarda kuwa ba a katse ta. Kuma ina son ki ga rubutun nan da idonki. Hannun da ya riƙe fartanya shekara arba'in kafin ya riƙe biro, ki yi haƙuri da karkacewar layinsa.

Bilkisu, ban san yadda zan faɗa miki farin cikina ba. Ranar da takardar ɗaukarki aiki ta zo, ni na karanta ta a majalisarmu ta bakin shagon Malam Iro tela. Na karanta sau ɗaya, na sake, zan fara na uku Malam Iro ya tsai da keken ɗinkinsa ya ce, "Audu, mun ji. Ko so kake mu haddace mu kai maka hadda gobe?" Na ce ko sun haddace ba su yi asara ba. Duk zuriyarmu, tun daga kakana da ya sari dajin nan ya yi gona, ba a taɓa samun wanda hukuma ta danƙa wa lafiyar mutane ba sai ke. Na yi ta yawo ranar kamar wanda aka yi wa naɗi, har wurin masu awon auduga na je na faɗa musu, su da ba su tambaye ni ba.

Amma akwai maganar da kika yi daren jajibirin tafiyarki, muna cin tuwo a tsakar gida bayan magariba, ita ta sa na ɗauki biro. Kin ce nan da mako uku za ku fara rabon maganin tsargiya a makarantun firamare, kuma ke aka ba ƙauyuka huɗu. Sannan kika ce, "Kaka, ni dai ba zan yi sakaci irin na matar nan da ta zo garinmu ta kusa kashe mu ba." Kin ga na janye hannuna daga kwano, kika ce ko miyar ce ta yi yaji. Kakarki ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Ba miya ba ce. Matar nan, Malama Saratu sunanta, ba ta yi sakaci ba. Ni na yi. Kuma ba zan bari ki tsaya gaban 'ya'yan mutane da ƙwaya a hannu kina ɗauke da labarin ƙarya ba.

Bari in faro miki daga baya kaɗan, don kuskuren farko ya girmi wancan.

Muna yara, idan ruwa ya cika kududdufin yamma da gari, can muke wuni, wanka da kamun kifi. Da na kai shekara goma sha ɗaya ko sha biyu na fara ganin jini a ƙarshen fitsarina. Na tsorata, na faɗa wa mahaifina. Ya yi murmushi ya dafa kaina ya ce na zama namiji, shi ma ya yi, ubansa ma ya yi. Har alfahari muke yi a tsakaninmu, wanda bai fara ba mu yi masa dariya. Da babanki ya zo mini da irin wannan kuka, abin da aka faɗa mini na faɗa masa, har da dafa kai. Shekara biyu yana rama, yana kasala, yana barci a aji, ina ce masa raggo. Sai da wani malamin asibitin sha-ka-tafi ya gan shi a kasuwar Funtua ya ja ni gefe ya ce, "Baba, yaron nan tsargiya ke damunsa, tsutsa ce ke shan jininsa, a ruwa ya ɗauko ta." Ban yarda nan take ba. Na ce tsutsa a ciki take zama, me ya kai ta mafitsara?

Saboda haka, in kin shiga ƙauye wani dattijo ya ce miki fitsarin jini alamar balaga ce, kada ki yi masa dariya, kada ki ɗaga masa murya. Ki tuna kakanki ne ke magana. Ba ƙin ɗansa yake yi ba, abin da wanda ya fi ƙauna a duniya ya faɗa masa yake maimaitawa. Ki durƙusa ki gaishe shi, ki bar shi ya gama. Sannan ki tambaye shi ko yaron yana cin abinci kamar da, ko yana iya wuni a gona. Daga nan zai fara ba ki labarin da kike nema da bakinsa.

Yanzu ga babbar maganar.

Kin san na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da furfura. Bayan la'asar muke zuwa, mu zauna a bencin 'yan aji ɗaya, gwiwoyinmu na taɓa haɓa. Mu goma sha wani abu muka fara, da damina ta faɗi kowa ya gudu, ni kaɗai na kai ƙarshe. Daga nan duk takardar da ta shigo unguwarmu hannuna take zuwa: ta taki, ta rigakafin shanu, ta taron iyayen yara. Mai unguwa ya miƙo mini, in gyara tabarau, in yi gyaran murya, kowa ya yi shiru. Ba zan ɓoye miki ba, shirun nan ya yi mini daɗi fiye da kima. Na fara jin ba karatu kaɗai na iya ba, har abin da ya kamata a rubuta ma na sani.

Kina aji uku lokacin. Hedimasta ya aiko da takarda cewa ranar Talata ma'aikatan lafiya za su zo su ba yara maganin tsargiya. Na duba ta ni kaɗai a zaure kafin in fita. Gajeriya ce, layi shida. Layi na huɗu ya ce a tabbatar kowane yaro ya ci abinci ya ƙoshi kafin ya zo. Na biyar ya ce wasu yara za su iya jin jiri ko murɗawar ciki ko amai bayan sun sha, kada iyaye su tsorata, zai wuce.

Na karanta su daidai, Bilkisu. Ba idona ne ya gaza ba, kuma ba karatun ne ya fi ƙarfina ba. Cewa na yi wanda ya rubuta bai san tsutsa ba. Mu da muka tashi, idan kakata za ta ba mu jiƙon maɗaci don tsutsar ciki, da asuba take tashinmu, ko ruwa ba ma kurɓa. Tana cewa in ka ci abinci tsutsa ta ƙoshi, ba za ta kula magani ba, amma in ta kwana da yunwa ta buɗe baki, sai maganin ya faɗa mata. Haka kowa ya sani a ƙasar nan, maganin tsutsa kafin karin kumallo ake shan sa. Na ce yaran ofis ne suka rubuta, masu shayi da burodi, bari in gyara musu. Layi na biyar kuwa na ce in na karanta shi babu uwar da za ta saki ɗanta.

Bayan la'asar na tsaya a ƙofar masallaci na karanta layi na ɗaya, na biyu, na uku. Da na zo na huɗu, idona na kan takarda, na ce, "Kada a ba yaro komai da safe, ko koko, sai ya sha magani." Na tsallake na biyar na sauka kan sa hannun hedimasta. Malam Iro ya ce, "Ka ji, ashe su ma Turawa sun san wannan." Kowa ya gyaɗa kai. Na naɗe takardar na sa a aljihu ina jin na yi wa gari aiki.

Ranar Talata kakarki ta ɗumama tuwo kamar kullum, na hana ta ba ki. Kika tsaya bakin madafi kina kallon tukunya, kika ce, "Kaka, ko loma ɗaya?" Na ce amaryar kirki ba ta kwaɗayi, in kin dawo zan saya miki ƙosai. Na rako ki da kaina har makaranta, don ina cikin dattawan da aka gayyata.

Malama Saratu ta zo a bayan babur da kwali da wata doguwar sanda mai zane-zane. A ƙarƙashin mangwaron makaranta aka jera ku. Yaro ya jingina da sandar, inda kansa ya tsaya shi ke nuna yawan ƙwayar da za a ba shi. Kafin ta fara ta ɗaga murya ta ce, "Yara, kun karya?" Kuka amsa gaba ɗaya, "Eee, Malama!" Kin san yaran makaranta, ko cewa aka yi kun ga giwa a hanya, haka za su amsa. Ina tsaye ina ji. Na yi shiru.

Ƙwayar babba ce fara, mai ɗaci. Kika haɗiye taki kina yatsine fuska, na yi miki kirari. Ba a yi awa guda ba yaro na farko ya dafe ciki ya durƙusa. Sai na biyu. Kafin hantsi ya yi zafi bayan ajin nan duk amai ne, ruwa-ruwa mai ɗaci, don babu abin da cikin zai fitar. Wasu na kuka da ciwon kai, wasu sun kwanta a ƙasa sun ce makaranta na juyawa. Ke kika taho wurina kina tangaɗi, kika ce, "Kaka, ƙasa na gudu," kika sulale a ƙafata. Na rayu na ga abubuwa, amma ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba.

Labari ya kai cikin gari kafin ƙiftawar ido. Mata suka fito, wasu ko mayafi a karkace. Malama Saratu tana ta kai da kawo, tana kwantar da yara a inuwa, tana cewa a kawo koko, a kawo fura, a kawo duk abin da ke akwai. Babu mai jin ta. Wata ta kifar mata da bokitin ruwa. Wani ya ce dama an faɗa, maganin hana haihuwa ne. A cikin wannan hargitsi ta iso gabana, gumi ya jiƙa mata hijabi, ta ce, "Baba, an ce kai ke karanta musu takarda. Ba a karanta ba ne?"

Na ce, "An karanta."

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta juya wurin yaran. Da ƙyar mai unguwa ya raka ta ta hau babur, ana binta da baƙar magana.

Na saɓa ki a kafaɗa na kai ki gida. Kakarki ta ba ki ɗumamen da na hana, kika ci kaɗan, kika sha fura, kika yi barci. Kafin la'asar kina waje kina carafke da ƙawarki Hinde, jikar Malam Iro, kina tambayata ina ƙosan da na yi alkawari. Duk yaran haka suka warware, babu wanda ya kwana da ciwo. Da yamma na haɗu da Arɗo na rugar gabas, wanda 'ya'yansa uku ke makarantar. Shi bai zo masallacinmu ranar da na yi karatu ba, yaransa sun sha fura da nono sun ƙoshi kafin su fito. Ya ce ɗaya ce kawai ta ce kanta na ɗan sarawa, ta kwanta ta tashi. Ya ce, "Malam Audu, me ya sami naku?" A nan na gane abin da na aikata, tun rana ba ta faɗi ba.

To ga abin da nake so ki ɗauka daga wannan. Kada ki aika takarda ki ce kin gama. A kowane ƙauye akwai irina, mutum mai son alheri wanda ya san rabin abu yana jin ya san duka, kuma shi ake saurara. Ki je da ƙafarki kwana biyu kafin ranar. Ki nemi mai unguwa da liman, ki shiga gidaje wurin mata, don su ke riƙe da tukunya. Ki faɗa da bakinki cewa wannan magani ba irin jiƙon kakanni ba ne, a kan abinci ake shan sa. Za su kawo miki maganar tsutsa mai buɗe baki, ki shirya amsarki tun yanzu.

Kuma kada ki tambayi yara a taro. Ki tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ki ce "ka ci?", ki ce "me ka ci?" Wanda ya ci zai ce ɗumame, ko koko da ƙosai, ko rogo. Wanda ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsun ƙafa, wannan bai ci ba, wataƙila ma gidansu ba a hura wuta ba, kunya ce ta hana shi faɗa. Kada ki tona shi a gaban 'yan'uwansa. Ki ja shi gefe ki ba shi abin da zai sa a ciki tukuna.

Layi na biyar kuwa, wanda na haɗiye don kada a tsorata, shi ya fi yi mana ɓarna. Da iyaye sun ji tun farko cewa yaro zai iya yin jiri ko amai ya wuce, da sun ga abin sai su ce ai an faɗa. Da yake ba su ji ba, sai suka ga kamar asiri ne ya tonu. Ki faɗa musu komai tun kafin a buɗe kwali. In kin ɓoye, kin samu yara da yawa bana, baɗi ba za ki ga ko ɗaya ba.

Haka kuwa aka yi a garinmu, kuma nan ne kuskurena na uku, wanda ya fi sauran tsawo. Na yi shiru. Washegari na ce gobe zan faɗa, goben ta zama shekara. Duk ranar da aka ce masu magani za su zo, sai iyaye su kwashe yara zuwa gona, makaranta ta zama kango. Ina ji ana cewa "matar nan da ta kusa kashe mana yara," ni ma in gyaɗa kai. Tsoro nake ji a karɓe takarda daga hannuna a ba wani. Kin tuna shekarar da Hinde ta ɗashe, ta daina zuwa makaranta, har kika wuce ta da aji? Wanki take yi a bakin dam kamar sauran 'yan mata. Sai da aka kai ta asibiti a Malumfashi aka ce tsargiya ce ta ci ƙarfinta, aka ba ta ƙwayar nan dai da aka hana ta sha kyauta a ƙarƙashin mangwaro. Na je dubiya da lemo a hannu, na zauna kusa da Malam Iro na ce Allah Ya sawwaƙe. Kakarki kaɗai ta sani, don ta taɓa tsintar takardar a aljihuna ta kai wa babanki ya karanta mata, ta ce masa wasiƙar takin zamani ce take son ji. Shi bai kawo komai a ransa ba. Ita kuwa ta dawo ta ajiye mini ita a kan filo, ba ta ce uffan ba har yau.

Ke ma wata rana za ki yi kuskure a aikin nan, babu makawa. Ki faɗe shi ranar da kika yi shi, tun yana ƙarami. Nawa da na bari ya kwana, kin ga shekarun da ya ci, da jinin yaran da ya sha.

Bayan tafiyarki na kasa zama. Ranar Laraba na hau mota zuwa Malumfashi, na yi ta tambaya har aka nuna mini gidan Malama Saratu. Ta bar aiki, ta manyanta, na same ta tana tsince wake a zaure. Na yi sallama na faɗi sunan garinmu. Ta ɗago ta ce, "A'a, Baba mai karatu! Har yanzu kana nan?" Na zauna a ƙasa na faɗa mata komai. Ta bar ni na gama, sannan ta yi dariya har tana share ido.

Ta ce, "Baba, ai tun ranar na sani. Yarinyar da ta faɗi a ƙafarka, da nake mata fifita ta ce mini, Kaka ne ya ce kar mu karya."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa, ana zaginki?"

Ta ce, "In na ƙaryata ka a gaban mutanenka, wa zai sake yarda da takarda a garin? Ni baƙuwa ce, zan hau babur in tafi. Na ɗauka za ka gyara da kanka cikin mako guda. Ban san sai ka yi furfurar gira ba."

Ta ce kuma ita ma tana da nata laifin, da ta yarda da amsar taro. Tun daga ranar ba ta sake ba yaro ƙwaya ba sai ta ji sunan abin da ya ci. Da na ce mata yarinyar nan ita ce yau aka ba ƙauyuka huɗu a ƙasar Musawa, sai ta ajiye faifan waken ta ɗaga hannu sama ta ce Allahu Akbar. Bilkisu, a nan ne na yi kuka, ba a wurin neman gafara ba. Daɗi ne ya yi mini yawa.

Ta ba ni saƙo gare ki, na sa ta maimaita don kada in tsallake komai. Ta ce ko yaro ya ƙoshi, wani zai ji cikinsa na murɗawa, wani zai yi jiri ko barci, wani ya yi amai ko zawo, musamman wanda tsutsar ta yi wa yawa, don haka kada ki yi wa iyaye alkawarin babu abin da zai faru. Ta ce kada ki ba yaron da ya zo da zazzaɓi ranar, kuma ki tambaya ko akwai mai farfaɗiya ki ware shi sai likita ya gan shi. Ta ce ki tanadi inuwa da tabarma da ruwa mai kyau, kuma kada ki naɗe kayanki da an gama rabo, ki zauna tare da yaran har ki ga sun koma wasa, iyaye su gan ki a zaune. Wanda abin ya ƙi lafawa, ko kika ga jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu ko numfashi na yi masa wuya, ki ɗauke shi zuwa asibiti da kanki, kada ki jira kowa. Na san an koya miki duk wannan a makaranta, amma daga bakinta ya fi nauyi.

Ranar Juma'a bayan an sallame na miƙe a ƙofar masallacinmu, wurin da na tsaya wancan karon. Na fito da tsohuwar takardar na karanta ta duka, layi shida, sannan na faɗi abin da na yi. Malam Iro ya dube ni ya ce, "Ashe ba karatu ka koyo a ajin yamma ba, tsallake ka koyo." Ya saka takalminsa ya tafi. Kwana biyu in na yi masa sallama sai ya ƙara taka keke. A na uku ya turo mini benci da ƙafa ba tare da ya ɗago kai ba, ya ce, "Zauna. Bana ma kai za ka karanta takardar magani, amma hedimasta zai tsaya bayanka yana bin layi da yatsa." Na ce na yarda, ko alƙali za a kawo. Mata sun riga sun fara maganar wace ce za ta dama kunu ranar rabon. Ban ce kowa zai kawo ɗansa ba, amma an fara.

Ga takardar nan na sa miki a cikin ambulan, ta yi ja don daɗewa, ki buɗe ta a hankali. Na ja layi a ƙarƙashin na huɗu da na biyar. Direban motar Musawa da zai ba ki wannan wasiƙa zai sauke miki buhun gero guda, daga gonar bayan gari. Ba naki ba ne, kada ki ce ango ya aiko da cefane. Ki raba shi ƙauyukan nan huɗu, a dama koko da safen ranar, saboda yaran da za su sunkuyar da kai. Loma ɗaya kika roƙe ni na hana ki, ita ce nake mayarwa.

Ban san yadda za ki dube ni bayan kin karanta wannan ba. Kin tashi kina cewa kakanki ne ya fi kowa sani a gari, ni kuma ina jin daɗi. In ranki ya ɓaci kina da gaskiya, ba zan ce ki yi saurin hucewa ba. Abin da na sani shi ne, yarinyar da ƙasa ta gudu a ƙarƙashinta saboda wautar kakanta, yau ita ce za ta riƙe sandar awo, kuma za ta riƙe ta fiye da yadda kowa ya taɓa riƙewa. Wannan kaɗai ya ishe ni alfahari har in koma ga Allah.

Roƙona ɗaya ne. In kun gama rabon, ki rubuto mini yadda aka yi, da hannunki, ba a waya ba. Waɗanda suka zo da waɗanda aka ɓoye, wanda ya yi amai da wanda ya yi kuka, da abin da iyaye suka ce miki, mai daɗi da marar daɗi. Kada ki tsallake mini ko layi guda. Ni ma zan tsaya a ƙofar masallaci in karanta musu ita, tun daga bisimilla har sa hannunki.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sa hannunki ya zama sanadin waraka. Ya tsare ki fita da shiga, Ya ba ki haƙuri da tsofaffi masu taurin kai, Ya raya yaran da za ki ba magani, Ya dawo mana da ke lafiya. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum.

Ni ne kakanki mai alfahari da ke,
Malam Audu.